Musayar waƙa: ina ranar tutarmu ta shiga?

Ɗan Birnin Dabo:
Salamu alaikum jama'a, ga baiti na ajiye, duk mai ji da kanshi ya amsa amma fa da ƙafiya ba surutu ba

Kore, fari, kore, ga tutar ƙasata,
Taiwo Akinkunmi ne ya zana ta,
Yana ɗalibi a Landan ya shiga gasarta,
Fam 100 kacal aka ba shi ladanta,
Koren noma ne, farin zaman lafiyarta,
1 ga Oktoba 1960 a Legas aka ɗaga ta.

'Yar Damagaram:
wa alaikassalam yayana, ai ka ɓoye wani abu hhh

A zanen Taiwo akwai jar rana a tsaka,
Alƙalan gasa suka ce a'a, kar a saka,
Mu ko tamu tana nan daram, zo ka leƙa,
Ruwan goro a sama Sahara ce in gaya maka,
Tsanwa a ƙasa gonakin kudu masu albarka,
Tun 23 ga Nuwamba 1959 muka riga ka.

Ɗan Birnin Dabo:
Au ashe ƙanwata ke kika tsince ta,
Ranarmu da ta ɓace a Nijar aka gan ta,
Riƙe abinki, zafin bazara ya ishe mu ba sai an zana ta.

'Yar Damagaram:
wlh ba tsintuwa bace, ku kuka yar da taku tun a takarda kuma yanzu kake neman ɗora min sata, Allah ya shirye ka

Na Zangon Kumasi:
ku matsa yara babba ya iso

Ku bar gardamar rana, mu tauraro gare mu,
Baƙi wuluk, alamar 'yancin Afirka tamu,
Mace ce ta zana, Theodosia Okoh uwarmu,
A 1957 muka ɗaga, kuna barci ba ku ji mu,
Ja jinin mazan jiya, rawaya zinarinmu,
An mai da rawayar fari a 1964, a 1966 muka maido abinmu.

Ɗan Birnin Dabo:
Kawu ka girme mu ba musu, ni Taiwo ne dai nake tuna shi,
Sai 2014 lambar girma ta ƙasa ta iske shi,
Ya rasu a 2023, sai da aka shekara kafin a binne shi.

'Yar Damagaram:
Allah sarki bawan Allah. to kawu saura kai, koren naku na mene ne baka faɗa ba ka tsallake shi, muna jiran baitin kar ka gudu