Tara uku a wata guda saboda ranar sharar titi, in sayar da motar ne ko akwai mafita?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na kawo kukana gare ku ne don na san a cikinku akwai waɗanda suka daɗe a New York tun ban san hanyar filin jirgi ba.

A Bronx nake zaune. Aikina kula da wata tsohuwa a gidanta da daddare, ina tashi ƙarfe bakwai na safe. Wata biyu ke nan da na sayi 'yar mota ta hannu, don jiran bas cikin sanyi ya fara taɓa mini ƙirji. To a layinmu akwai allon nan mai hoton tsintsiya, wanda ke nuna lokacin da ake hana ajiye mota don sharar titi. Gefen gidanmu ba a ajiye mota Litinin da Alhamis daga 8:30 zuwa 10:00 na safe, ɗaya gefen kuma Talata da Juma'a. Ni kuwa sai wajen bakwai da rabi nake isowa, idona kamar an zuba yaji, in tarar gefen da ba a sharewa a ranar ya cika maƙil tun daren jiya.

Takardar tara uku na cire daga gilashin motata a wata guda, kowace dala 65. Ta farko laifina ne, barci ya kwashe ni. Ta biyu ita ce ta fi ci mini rai: na janye motar, na ga wucewar motar shara da idona wajen ƙarfe tara, na mayar da tawa wurinta na hau sama, da na sauko sai ga takarda an rubuta 9:41. Ta uku kuwa na sauko a guje da zani da silifas, na tarar an riga an maƙala, an rubuta 8:33.

Dala 195 ke nan, kuɗin da nake aika wa mahaifiyata. Maƙwabta na ga suna jera motocinsu a gefen na wasu, su bar lambar waya a gilashi. Shin hakan ya halatta? Akwai wadda zan iya ƙalubalanta cikin takardun nan? Ko dai in haƙura in sayar da motar? Don Allah ku ba ni shawara.

Wani dattijo, tsohon direban tasi:

Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, babu mai mota a garin nan da bai taɓa cire irin wannan takardar ba. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta 8:33 kada ki biya. Dokar birnin ta ba da rangwamen minti biyar bayan lokacin da ke kan allo, wato idan allo ya ce 8:30, ba a rubuta miki tara a 8:33. Ki ɗauki hoton allon yadda rana da lokaci za su fito sarai, ki ɗauki hoton sunan titin, ki haɗa da takardar, ki shigar da ƙorafi a wurin ma'aikatar kuɗi ta birnin. Ana yi ta intanet ko ta manhajarsu a waya, ba sai kin je gaban alƙali ba. Amma ki yi cikin kwana 30 daga ranar da aka rubuta.

Ta 9:41 kuwa, ki yi haƙuri, ba ki da hujja. A nan ne baƙi da yawa ke faɗawa. Hanin yana kan lokacin da aka rubuta a allo ne, ba ruwansa da ko motar shara ta wuce ko ba ta wuce ba. Ko ta share layin tas tun ƙarfe tara, sai goma ta cika kafin wurin ya halatta. Sai dai kafin ki biya ta da ta farko, ki duba su da kyau: lambar mota, jihar da ta ba da lambar, kirar motar, rana, lokaci, da adireshin wurin. Idan an rubuta ɗaya daga ciki ba daidai ba, ana iya soke takardar. In komai daidai ne, biya ki huta.

Abin da nake roƙonki shi ne kada ki jefa su a aljihun mota ki manta. Bayan kwana 30 ana ƙara dala 10, bayan 60 a ƙara 20, bayan 90 a ƙara 30, daga nan ta zama hukuncin bashi da ke haihuwar kuɗin ruwa. Idan irin wannan bashin ya haura dala 350, suna iya ɗaure miki taya ko su ja motar gaba ɗaya. Na ga magidanci yana hawaye a bakin titi kan wannan, motar da yake ci da iyalinsa da ita.

Wani matashi:

Anti, ni dai a layinmu kowa jerawa yake yi a gefen motocin ɗaya ɓangaren, in lokaci ya cika a mayar. Shekarata uku ina yi ba a taɓa rubuta mini komai ba. Ki bar lambarki a gilashi kawai.

Dattijon ya sake cewa:

Ɗana, shekara uku Allah ne ya rufa maka asiri. Jera mota a gefen wata haramun ne a dokar birnin ko da a lokacin shara, kuma tararsa dala 115 ce, ta fi wadda ake gudu. Gaskiya ne a wasu layukan jami'ai kan kau da kai, amma ba alkawari suka yi wa kowa ba. Kuma ka duba halin da take ciki: mace ce da ta kwana a tsaye. In ta jera ta hau sama barci ya ɗauke ta, wanda ta toshe ya yi ta kiran waya ba a ɗauka, wataƙila mara lafiya zai kai asibiti, me za ta ce masa? Masu yin hakan lafiya su ne waɗanda ke zaune cikin motar ko a bakin ƙofa.

Wata uwa daga Harlem:

Ƙanwata, ni ma aikin dare na yi shekara da shekaru, na san wannan barcin na safe da ba a iya yi masa gardama. Abin da ya cece ni shi ne na daina nacewa sai na ajiye mota a ƙofar gida. Lokacin shara ba ɗaya ba ne a unguwa. Layinku 8:30 ne, amma in kika zaga za ki iya samun layin da nasa 11:30 zuwa 1:00 ne. Ki ware wata ranar hutu ki taka da ƙafa, layi huɗu ko biyar kowace kusurwa, ki rubuta ranaku da lokutan kowane allo a takarda ki liƙa a jikin firji. Ranar Litinin in kin dawo, ki wuce kai tsaye layin da ba a sharewa a ranar, ko wanda sai da hantsi. Tafiyar minti bakwai ta fi dala 65 sauƙi. Ki lura kuma, allo ɗaya tak ya isa hujja a kan layi guda, don haka ki duba har ƙarshensa, wani lokacin reshen bishiya ne ya rufe shi. Kuma garin neman wuri kada ki matsa kusa da famfon kashe gobara, ƙafa 15 ake bari, in ba haka ba dala 115 ce.

Sannan ba kullum dokar ke aiki ba. Ana dakatar da ita a ranakun bukukuwa da yawa, har da ƙaramar Sallah da babbar Sallah, da na Kirista da na Yahudawa da sauransu, haka nan idan dusar ƙanƙara ta yi yawa. Ki kira 311, lambar neman bayani ta hukumar birnin, ko ki sauke manhajarsu, kowace rana za ki ga ko tana aiki. Sai dai ki kula, a yawancin ranakun nan sharar kawai aka ɗage, wuraren da ake biyan kuɗin ajiye mota suna nan daram.

Wani ɗan kasuwa:

Ni fa ban yarda tsafta ce ta dame su ba, hanyar tatsar talaka ce kawai. Mai kuɗi yana da garejinsa, mu ne ke zagaye da mota kamar masu neman ɓataccen akuya.

Wata malamar makaranta:

Alhaji, nauyin a kan talaka yake, wannan ban musa ba, kuma ya kamata a ce an duba masu aikin dare. Amma sharar ba ƙarya ba ce. Tsarin nan tun 1950 aka fara shi a garin, kuma dalilinsa a fili yake: motar shara bakin titi take bi, in ta tarar da mota sai ta kauce, datti ya zauna a wurin har wani zagayen. A 2020 lokacin korona an rage zuwa sau ɗaya a mako, aka ci gaba da haka har Yulin 2022 da aka mayar da shi yadda yake. Ni a layinmu na ga bambancin da idona. Ganye da leda da kwalabe suka taru a bakin magudanar da ke kusurwa, da aka yi ruwa mai ƙarfi ya rasa hanya, ya gangara ɗakin ƙasa inda wata baiwar Allah ke zaune da 'ya'yanta. Mu muka taya ta fitar da katifa tana ɗiga. Tun ranar ban ƙara jin haushin janye motata ba, ko da yake har yau da wahala nake yi.

Wani mai aikin asibiti:

'Yar uwa, kada ki yanke shawarar sayarwa cikin ɓacin rai. Ki zauna da biro ki lissafa inshora, mai, gyara, da tarar da kika biya, ki kwatanta da kuɗin bas da jirgi da kuma lafiyar ƙirjinki. Ki tambayi farashin garejin haya biyu ko uku a unguwarku, wani lokacin masu gida da ke da fili a gaban gidansu ma suna bayarwa da sauƙi. Ki gwada shawarar uwarmu ta Harlem na wata biyu tukuna. Abu ɗaya da zan ƙara: in za ki yi tafiya gida, kada ki bar motar a titi ba mai kula, doka ba ta yarda mota ta wuce kwana bakwai a jere a wuri ɗaya ba, ga tarar shara da za ta taru. Ki bar makulli a hannun wanda kika amince da shi, mai lasisi.

Mai neman shawara ta dawo:

Allah ya saka muku da alheri, ya biya ku da gidan Aljanna. Baba, na duba takardun biyu babu kuskure a ciki, na biya su jiya tun kwana 30 ba su cika ba. Ta 8:33 na tura hotuna, ina jiran amsa. Yaya ta Harlem, na zaga ranar Asabar da ɗana yana riƙe da takarda yana rubutawa. Mun sami wani layi bayan makarantarsu, nasa Talata da Juma'a ne daga 11:30, kuma da safe malamai ba su gama cika shi ba. Yau Litinin can na ajiye, na taka zuwa gida, na yi barci har azahar. Saura in sami na ranar Talata, don layin da na gani mai kyau yana kusa da famfon gobara, wuri biyu kawai ke shiga. In akwai wanda ya san yadda ake auna ƙafa 15 ɗin nan da ido ba tare da kuskure ba, ya taimaka mini.