Lamba mai suna a mota: in sa ko in haƙura?

Ɗan Na-Gode, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa yi. Allah ya hore min na sayi Corolla 'yar Kwatano watan jiya, saura rajista. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne, ya yi kusan shekara talatin yana dakon masara da auduga tsakanin Funtua da Zariya. A goshin motar an rubuta NA GODE da jan fenti, har sunan ya bi shi. A tasha in ka ce Alhaji Na-Gode ba sai ka ƙara bayani ba. Da gumin wannan motar ya yi mana karatu mu bakwai. Tun ranar da aka miƙo min makulli raina ke raya min in sa NA GODE a lambar. Uwargida ta ce fariya ce, za a ce na samu wuri. Yayana kuma ya ce in kai kuɗin a gyara burtsatsen masallacin unguwa, ladan ya isa ga Baba. Nawa ake yi yanzu a jihar Kaduna? Kwana nawa take ɗauka kafin ta fito? Wanda ya sa, ya yi da-na-sani? Ba na tafiyar dare, daga gida sai shago a kasuwar Sabon Gari, sai Kaduna jefi-jefi.

Maman Hanifa:
Allah ya sanya alheri, ya tsare. Amma ƙanina, a wannan zamani kada ka kuskura ka rubuta sunanka a mota, balle kuna bin hanya da daddare.

Ɗan Na-Gode:
Amin Hajiya. Ba sunana ba ne, kuma na ce ba na tafiyar dare.

Bakanon Kwari:
Ku Zage-zagi ai ba sai kun wahala ba. Rubuta MOTA NA kawai, duk inda ka shiga a Kano mun san daga inda ka fito.

Usman Kongo:
Dubu 200 ne. Abokina ya yi.

Injiniya Samaru:
Wannan farashin 2021 ne Usman. Hukumar haɗin gwiwa ta haraji, JTB, wadda ke yanke farashi a lokacin, ta ƙara a watan Yunin 2025. Lamba ta gama-gari ta koma naira 30,000, mai suna wadda suke kira fansi ta koma 400,000. Ta babur 12,000, ta babur mai suna 50,000. Kuɗin ƙarfen lambar ke nan kawai, ban da takardun rajista da inshora.

Sani Mai Waya:
Kai, ni dubu 80 na biya tawa, ga ta nan a jikin motar har yau.

Injiniya Samaru:
A wace shekara?

Sani Mai Waya:
Kafin korona.

Hajiya Gyallesu:
Ni kuwa makon jiya wani ya ce wa maigidana dubu 550 da komai da komai, kuma sai ya ba da rabi kafin a fara.

Alhaji Mai Taya:
Yaro, zauna ka ji. Na daɗe ban ba kowa wannan labarin ba, amma tunda ka ce wanda ya taɓa yi, ga ni.

A 2022 na sa laƙabin da ake kirana da shi a kasuwa. Wani dillali ne da ke zama a bakin ofis ya ce zai sauƙaƙa min, na ba shi dubu 260. Bayan sati shida ya kawo ta a leda tana ƙyalli. Ba zan yi maka ƙarya ba, watannin farko na ji daɗi. Ka je ɗaurin aure a cikin birni, tun daga nesa an gane ka, ana matsa maka wurin ajiye mota. Sai abin ya fara juyewa. In faka a gaban asibiti, kafin in fito an kira ni sau huɗu, wa ye ba lafiya? In faka a gaban banki a PZ, in fito in tarar da mutum ya jingina da motar yana jirana da takardar magani. Wanda nake bi bashi kuwa yana hango lambar zai sauya lungu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Ranar 17 ga azumi, ɗan ƙanwata ya ɗauki makulli wai zai sayo ƙanƙara. Daf da magariba, kowa na sauri, ya buge wata yarinya mai tallan ƙosai kusa da Ƙofar Doka. Tsoro ya kama shi, ya gudu. Lamba ta gama-gari sai an nemi biro, an yi gardama ko 3 ce ko 8. Tawa kuwa har yaran da ke wasa a gefen titi sun karanta. Wallahi dabino na hannuna, ladan bai gama kiran salla ba, na ji hayaniya a ƙofar gida. Na fito na ga mutum sama da talatin, wani yana riƙe da farantin yarinyar ya lotse a tsakiya, mai na ɗiga daga gefensa.

Maman Hanifa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yarinyar fa?

Alhaji Mai Taya:
Ta karye a cinya. Na ɗauki nauyin komai, kuma ban yi baƙin cikin kobo ba. Amma da aka zo duba takardu sai aka ce lambar ba ta cikin rajista kwata-kwata. Dillalin nan wani wuri ya je aka buga masa ƙarfe, har takardar inshorar ta bogi ce. Wayarsa a kashe tun daga ranar. Motar ta yi kwana 19 a tsare, tayoyi biyu suka sace, ƙura ta rufe gilashi. Ni da nake sayar da taya, sai da na aika yaro da famfo. Ga zirga-zirga, ga kunya, ga ƙanwata ta daina gaishe ni saboda na mari ɗanta. Na sayar da motar da faɗuwa bayan salla. Yarinyar tana ɗingishi har yanzu, ina ganinta in na bi ta wajen. Lambar na nan a saman durowa, ban iya jefar da ita ba, ban kuma iya kallonta.

Usman Kongo:
Allah ya kiyaye gaba Alhaji. Amma a yi haƙuri, ni abin da na gani daban ne. Ba don lambar nan ba, da yaron ya tsere, iyayen yarinya su rasa wanda za su kama. Lambar ce ta ƙwato mata haƙƙinta. Abin da ya cuce ka dillali ne da yaron da ka bar wa makulli.

Alhaji Mai Taya:
Usman, ka taɓa mallakar ko keken hawa? Ɗazu ka kawo farashin abokinka, yanzu ka kawo hukunci a kan rayuwata. Wanda bai sha zafin wuta ba shi ke cewa a taka.

Usman Kongo:
Ba sai na mallaki mota zan san gaskiya ba ranka ya daɗe. Ni ma a ƙafa nake tsallaka titin nan, irinmu ake bugewa.

Injiniya Samaru:
Ku yi haƙuri. Abin ɗauka a nan shi ne kada a bi ta hannun ɗan tsakiya. Hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, ita ke buga lamba, hukumar haraji ta jiha ke bayarwa. Ka biya a banki ka riƙe rasit. Kuma akwai shafin FRSC na intanet da za ka shigar da lamba ya nuna maka ko tana da rajista. Minti biyu ne a waya.

Alhaji Mai Taya:
Ina kake a 2022?

Malam Ɗalibi, Kwarbai:
Ni ta fuskar addini zan ɗan taɓa. An tambayi Manzon Allah (SAW) game da mutumin da ke son tufarsa da takalminsa su yi kyau, ya nuna cewa Allah mai kyau ne kuma yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Amma akwai kuma gargaɗi a kan tufar neman suna, wadda ake sawa don a nuna mutum da yatsa. To lamba tana iya faɗawa ko wanne. Ɗan Na-Gode, kai ka san zuciyarka. Ka tambayi kanka, in da ba wanda zai karanta sai kai, za ka biya? Abin da kawai zan hana kai tsaye shi ne sa sunan Allah ko aya a ƙarfen da taɓo da hayaƙin salansa ke wankewa kullum.

Sani Mai Waya:
Allah gafarta malam, fatawa ce wannan ko ra'ayi? Don na ga malamai manya da lambar da aka rubuta musu suna.

Malam Ɗalibi:
Tunatarwa ce. Ban ce ni mufti ba ne, sunana ma ya faɗa maka.

Bakanon Kwari:
Malam, in na sa BA BASHI a tawa, ya halatta ko da ana bina?

Hajiya Gyallesu:
Ni abin da ke ba ni mamaki, masu cewa fariya ce su ne ke tafiya har Abuja don a ba su ABJ ko KUJ, wai motar ta fi daraja in za a sayar. Mutum gidansa Tukur-Tukur, bai taɓa kwana a Kuje ba. ZAR ɗin ta yi maka me? Wannan ba fariya ba ce?

Injiniya Samaru:
A Dubai an yi gwanjon lamba P7 a 2023 kan dirhami miliyan 55. Mu dubu 400 muke wa surutu.

Maman Hanifa:
Can ai kuɗin gwanjon asusun ciyar da mabukata aka zuba. Kuma can ba wanda zai bi lambarka har gida ya ɗauke ka. Mu da muka ga yadda hanyar Kaduna ta zama a shekarun baya, ba sai an ce mana mu rage nuna kai ba.

Baba Direba, Ɗan Magaji:
Jikana ne ke rubuta min. Ɗana, in mahaifinka shi ne Na-Gode mai doguwar hula da ke lodi a Funtua, to mun ci tuwo a kwano ɗaya. Ban manta ba, kowace asuba da kansa yake goge rubutun nan da tsumma kafin ya duba mai, ba ya barin yaron mota ya taɓa. Ya ce min ranar da ya biya kuɗin motar na ƙarshe ya kira mai fenti. A zamaninmu kowace mota da maganarta, wani Haƙuri Maganin Duniya, wani Komai Nisan Dare. Ba wanda ya ce mana fariya, don da rubutun ake gane mota a hanya, in ka lalace a daji a kai labari gida. Amma fenti ne na kuɗi kaɗan. Mahaifinka mutum ne mai riƙon kuɗi, ban san yadda zai ji dubu 400 a kan ƙarfe ba. Ka kai wa masu sitika su yanka maka a gilashin baya, sauran ka ba yayanka.

Ɗan Na-Gode:
Baba, wallahi sai da na ajiye wayar na share hawaye. Shi ne, mai doguwar hula. Allah ya ƙara lafiya, zan zo gaishe ku. Na yi tunanin sitika, amma rana na cinye ta cikin shekara ɗaya, kuma ko wace Keke Napep da irinta. Ina son abin da zai zauna. Har yanzu dai ba wanda ya faɗa min kwana nawa take ɗauka in an bi ta hanyar da ta dace.

Isiya Mai Keke:
To ga mu nan masu sitika. Yallaɓai, kai da za ka sa suna a fili ai ba ka da laifi a wurina. Waɗanda suka dame mu su ne masu rufe lamba da baƙar fata, da masu yawo ba lamba sam, gilashi baƙi ƙirin. Doka ta bambanta: jan rubutu na haya, shuɗi na gida, kore na gwamnati. Ni tawa ja ce, a fili, amma a rana ɗaya an tare ni sau uku tsakanin Kwangila da Samaru, wai ta koɗe. Ina tsaye ina roƙo wata jif ta wuce lambarta a lulluɓe, har sara mata aka yi.

Sani Mai Waya:
Gaskiya ne. Kuma koɗewar ba laifinmu ba ne, fentin ne ba ya jure rana. Ka biya kuɗi, shekara uku ta yi fari fat, a ce ka sake biya.

Usman Kongo:
Irin wannan jif ɗin ce ta watsa min ruwan kwata a gaban Kongo da damina, ina sanye da fararen kaya zan je Juma'a. Wa zan kai ƙara, lambar wa zan ce?

Alhaji Mai Taya:
Ka ga su ba mai zuwa ƙofar gidansu da faranti.

Isiya Mai Keke:
Jiya ma dubu biyu suka karɓe min a shataletale, kuɗin cefanen gida ke nan. Da na nemi rasit sai ɗayan ya zare makullin keken ya sa a aljihu. Akwai wanda ya san inda ake kai irin wannan ƙorafi a saurare ka ba tare da ka san wani ba?

Hajiya Gyallesu:
Isiya, wane shataletalen? Don ƙanina ma an yi masa ranar Talata.