A hana gyada a kular kowa saboda yarinya ɗaya?

Maman Walid: Assalamu alaikum iyaye. Na san kowa ya ga takardar da aka ba yara ranar Alhamis, cewa daga Litinin ba a shiga makaranta da gyada ko abin da aka yi da ita, saboda wata 'yar aji uku da gyada ke tayar mata da borin jini mai tsanani. Ni dai ina bayan hukumar makaranta. Maganar rai ake yi. In babu gyada a harabar, babu abin da zai same ta.

Baban Zahra: Wa'alaikumus salam. Hajiya, ba mai wasa da rai, Allah ya ba yarinyar lafiya. Amma a Kano fa muke, garin dalar gyada. Ɗanwake da man ƙuli ake cinsa. Gurasa sai da ƙuli, kwaɗon zogale haka, yajin tsire haka, kilishi haka. Miyan taushe da gyada ake kaɗa ta. In an cire waɗannan me ya rage a kula? Biskit da lemon kwali?

Maman Hanifa: Yara huɗu nake haɗa wa abinci kullum kafin ƙarfe bakwai. Kunun gyada da ƙosai shi ne abin da ƙarfina ya kai, kuma yana riƙe musu ciki har a tashi. Wanda ya rubuta takardar nan bai tambayi kuɗin ƙwai a kasuwa ba.

Kakar Sadik: Ni abin ma ɗaure min kai yake. Da gyada aka yaye mu, da ita muka yaye namu. Ban taɓa jin ta kayar da ɗan kowa a unguwarmu ba. Anya ba ciwon Turawa ake kwaso mana ba?

Baban Amir: Hajiya Babba, a matsayina na likitan yara zan ce akwai gaskiya a maganarki, amma ba duka ba. A 2015 an fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a Landan, inda aka ga jariran da aka fara ba gyada tun kafin su shekara sun fi tsira daga wannan lalura da kusan kashi 80 cikin ɗari. Ashe kunun gyadar da kuke ba yara da wuri kariya ce. A Ghana ma an gwada jinin 'yan makaranta, da yawa gwajin ya nuna alama, amma suna cin gyadarsu lafiya lau. To amma ƙarancin abu ba rashinsa ba ne. Wanda yake da shi na gaske, gutsure kaɗan ya isa leɓe ya kumbura, maƙogwaro ya toshe, jini ya faɗi, duk cikin mintuna. Da can in irin haka ta faru, sai a ce shaƙewa ce ko iska, a yi jana'iza, ba wanda ya tuhumi abin da yaron ya ci.

Maman Walid: To kun ji daga bakin likita. Shi ya sa na ce a hana kawai.

Baban Amir: A'a Hajiya, ban kai nan ba tukuna. A jihar Massachusetts ta Amurka an duba bayanan makarantun gwamnati na shekaru, aka wallafa a 2017. Makarantun da suka hana gyada gaba ɗaya ba su fi sauran ƙarancin yi wa yara allurar gaggawa ta adrenalin, wadda ake yi in borin ya tashi, ba. Inda aka ga bambanci shi ne inda aka keɓe teburin cin abinci da ba a hawa da gyada. Tsorona da wannan takarda shi ne ta sa malamai su saki jiki, su ce ai an hana. Ranar da abin zai ɓullo ta wata kula, ba wanda ya shirya.

Maman Yusra: Dakta ya faɗi abin da na gani da idona. Shekara biyar muka yi a Ingila, makarantar yarana an manna a ƙofa ba a shiga da gyada. Amma a 2017 wani yaro ɗan shekara 13 ya rasu a Landan bayan wani ɗalibi ya jefa masa cuku a wuya a makaranta. Cuku fa, ba gyada ba. Kuma allurarsa da ke ajiye a makarantar, wa'adinta ya riga ya wuce. A watan Oktoban shekarar ne aka ba makarantu damar sayen allurar su ajiye ta ko-ta-kwana. In gobe aka kawo mana mai borin ƙwai, jibi mai borin madara ko riɗi, su ma sai a hana?

Malama Aji Uku: Ku ba ni dama, ni ce nake tare da yarinyar daga safe har azahar. Wallahi ba zan iya buɗe kula talatin da wani abu in gane wane mai aka yi suya da shi ba. A kasuwa ma duk farin mai "man gyada" muke ce masa, ko na waken suya ne. Ga mai tallan gyada da dakuwa a bakin ƙofa, yara suna saye da kuɗin tara su cusa a aljihu. Amma abin da ke hana ni barci daban ne. Mun koya wa yaran nan rowa abin kunya ce, ba ka cin abu ɗan'uwanka yana kallo. Da an tashi tara sai ka ji "gashi, ɗiba". Makon jiya sau biyu ina riƙe hannun wata ƙawarta tana miƙa mata abu, don ƙauna take yi, ba mugunta ba.

Kakar Sadik: To Malama, yanzu sai mu ce wa jikokinmu kada su yi wa kowa tayi? Wannan ba tarbiyyarmu ba ce.

Malama Aji Uku: Hajiya, ce musu nake su ba ta fensir, su ba ta wurin zama, su yi wasa da ita, amma abin baki sai wanda mahaifiyarta ta ɗauro. Sun fi mu saurin ganewa.

Maman Ilham: Salamu alaikum. Ni ce mahaifiyar yarinyar. Tun ɗazu nake karantawa ina rubutawa ina gogewa. Tana shekara huɗu muka je biki, wata 'yar'uwa ta ba ta ɗan yankin kilishi. Kafin mu kai bakin titi muryarta ta canja, leɓenta ya zama kamar ba nata ba, tana jan numfashi da ƙara. A cikin adaidaita sahu na riƙe ta ina kiran sunanta ba ta amsawa. Allah ya sa asibitin ba nisa. Tun daga ranar ba ta cin abincin gidan kowa, har na kakarta. Maman Hanifa, ki yafe ni, ban nemi a hana 'ya'yanki kunu ba. Abin da na roƙa a ofis shi ne a karɓi allurarta a ajiye, a koya wa malamai yadda ake yi. Aka ce ba su da hurumin yi wa ɗan wani allura, sai ga takarda ta fito. Jiya ta dawo tana kuka, wai ana ce mata "wadda ta hana mu gyada".

Maman Hanifa: Subhanallah. 'Yar'uwa, ke za ki yafe ni. Ban san haka abin yake ba.

Baban Zahra: Ashe ma abin da uwar ta nema daban, abin da aka yi daban. An ɗora wa iyaye ɗari uku nauyi, an kauce wa wanda ya kamata makaranta ta ɗauka.

Baban Amir: Wannan allurar ita ce maganar. Adrenalin ake yi a gefen cinya ta waje, ko ta kan wando, nan take, a kwantar da ita a ɗaga ƙafafu, sannan a nufi asibiti. Piriton yana rage ƙaiƙayi ne kawai, ba ya buɗe maƙogwaro. Sai wanke hannu da sabulu bayan tara, don sanitaiza ba ta cire maiƙon gyada. A goge tebura kuma.

Maman Walid: Na ji, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Ko da a ajinsu kaɗai, me zai hana a bar zuwa da gyada tsagwaronta da ƙuli-ƙuli da dakuwa, abin da ido ke gani kuma yake marmashi? Yara 'yan shekara takwas ne fa.

Baban Zahra: Na aji uku kaɗai, wannan na yarda, Zahra ma ajin take. Amma ban da maganar mai, don ba mai iya tabbatar da ita.

Maman Hanifa: Kunun fa? Tawa ta biyu ajin take.

Maman Ilham: Ki ba ta kununta, Yaya. A dai zaunar da su nesa kaɗan, ta wanke hannu da baki in ta gama.

Malama Aji Uku: Dakta, in za ka zo ranar Asabar, ni zan fara miƙa hannu a koya min yin allurar. Zan yi wa shugabar makaranta magana gobe da safe, amma ina son iyaye biyu ko uku su raka ni. Maman Ilham, allurar da ke hannunki yaushe wa'adinta zai ƙare?