Jinyar ciwon daji a Gombe da Bauchi: wa ya taɓa yi a nan gida?

Mai tambaya, daga Kumo: Assalamu alaikum jama'a. An ɗebi nama a ƙirjin mahaifiyarmu, sakamako ya fito, likita ya ce sankarar mama ce. Tun ranar kan gidanmu ya rabu. Yayyena na cewa a sayar da gona a kai ta Abuja ko Masar, ni kuwa ina ganin a fara da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. Don Allah wanda ya taɓa jinyar wannan ciwo a yankinmu ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Wata uwa, daga Bajoga: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Ni a jikina abin ya faru, kuma a Gombe aka yi mini aiki, a nan na sha kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake ɗaurawa ta jijiya. Kada ku yi gaggawar rabuwa da gonar nan, domin wannan jinya doguwa ce, kuɗin da za ku zuba a jirgi da masauki ranar farko za ku neme shi a wata na biyar.

Kemo ba kwanciya ake yi ba. Duk bayan sati uku ake zuwa, a fara auna jini, in ya yi kyau a ɗaura ruwan, da yamma ki koma gidanki. In jinin ya yi ƙasa sai a ɗaga ranar, kuma wannan ba wasa da mutum ba ne, kariya ce. Kwanakin da ke biyo baya su ne masu wuya: amai, kasala, baki ya yi ɗaci, gashin kai ya zube har ɗankwali ya riƙa zamewa. A lokacin ko ƙanshin miya ba na so, kunun tsamiya kawai ke shiga, shi ma sai wanda 'yata ta dama. Ka faɗa mini wa zai dama mini wannan a Alƙahira? Maƙwabta su leƙo, jikoki su yi ta hayaniya a tsakar gida, in ji kiran sallar masallacin unguwarmu. Wallahi waɗannan sun riƙe ni.

Wani direba, daga Darazo: Gaskiyarki Hajiya, amma a faɗa masa ɗaya ɓangaren. Matata a Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi aka yi mata aiki da kemo, sai dai da aka zo maganar gashi, wato gasa wurin ciwon da hasken inji don kashe sankarar, dole muka bar gida. Injinan gashi ba su da yawa a ƙasar nan. Mutanenmu Shika ta Zariya suke nufa, ko Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, ko Maiduguri. Shi gashin injin 'yan mintoci ne, amma kullum ne, Litinin zuwa Juma'a, makonni a jere. Abin da ke cinye aljihu shi ne ɗakin haya, abinci da kuɗin Keke Napep. Mun taɓa isa wani asibiti, ba zan kama suna ba, muka tarar injin ya tsaya, ga mutane daga jihohi daban-daban zaune a baranda da tabarmi da fulas. Ɗan'uwa, in lokacin ya zo, ka sa likitanku ya tuntuɓi can tukuna, a ba ku rana, sannan ku hau mota.

Ma'aikaciyar jinya mai ritaya, Bauchi: Ƙanena, na ji daɗi da kuka yarda aka ɗebi naman. Da yawa a nan suke gudu, wai in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Sai a koma shafe-shafe da tsaga, a dawo mana bayan wata da watanni ciwo ya fashe yana ruwa. Jinkirin ne ke ba shi damar bazuwa. Addu'a kam a yi ta ba dare ba rana, amma a haɗa da asibiti.

Ka sayi jaka guda ka tara komai: takardar sakamakon naman, hotuna, sunayen magunguna da ranakun da aka ba ta. Ka tambayi likita ko an yi gwajin da ke nuna irin sankarar, don shi ke fayyace maganin da zai dace da ita. Sannan ka nemi ofishin walwalar marasa lafiya ka yi tambaya kan asusun tallafin masu ciwon daji na Gwamnatin Tarayya. Da asibitoci shida aka fara shi, na Gombe na cikinsu, kuma ya shafi sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Akwai cike-ciken takardu da jira, amma kada ka ƙi nema. Tunda maganar ta zo, masu 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14, rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara a 2023 kyauta ne.

Wani manomi, daga Nafaɗa: Ku da ke kusa da gari ku gode wa Allah. Mu ko Gomben ma tafiya ce, da asuba muke fita don mu samu layi. Mahaifina ciwon ya riga ya yi nisa kafin a gano, likitoci suka faɗa mana gaskiya, suka rubuta masa maganin raɗaɗi mai ƙarfi muka dawo da shi gida. Ya samu barci, ya yi sallama da kowa, a ɗakinsa ya cika. Ko an ce ba warkewa, kada a bar mutum yana murƙususu, a koma a nemi maganin zafin.

Mai tambaya: Allah ya jiƙan Baba, ya saka muku duka da alheri. Na karanta wa babban yayanmu, ya amince mu ga likitan Gombe ranar da aka ba mu, maganar gona a ajiye ta tukuna. Hajiyar Bajoga, Mama na tambaya ko za ta iya azumi a tsakanin kemo, na ce sai mun ji daga likita. Ke yaya kika yi?