Wai ƴan hokin ƙanƙara sun fi ƴan bol shan wuyar tirenin?

Abban Sadiq: Jama'a ni fa har yanzu ban gamsu da maganar Yaya Musa ba, wai ƴan hokin ƙanƙara sun fi ƴan bol wahala kafin a fara kaka. Mutumin da zai shiga fili sakan 45 ya fito ya zauna a benci, wane dogon numfashi yake nema? ɗan bol fa minti 90 yake yi

Yaya Musa (Winnipeg, Kanada): Ƙanina ai sakan 45 ɗin nan ita ce azabar. Gudu ne iya ƙarfinka gwiwa a lanƙwashe, ana bangazarka da katanga, ka huta kaɗan ka koma, haka wajen sau 20 a wasa ɗaya, kuma NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, wasa sama da 80 ne daga Oktoba zuwa Afrilu, Firimiya 38. Yarona yana buga na yara a nan, ranar da ya dawo daga gwajin Satumba wallahi matakalar gida sai da na riƙe shi ya hau, rigarsa sharkaf da gumi duk sanyin filin nan

Maman Iman: Yaya amma ka bar Champions League da kofunan gida a lissafin, manyan kulob suna haura wasa 50 ai

Malam Garba: Ku bari in sa baki. Da can Abban Sadiq yana da gaskiya, ƴan Kanada hutu suke sha duk bazara sai a kamp, wato sansanin atisaye kafin kakar wasa, su nemi ƙarfi. A 1972 Tarayyar Sobiyet ta zo Montreal wasan farko ta ba su 7 da 3, saboda su kusan duk shekara suna atisaye, irin tarbiyyar tsohon kocinsu Anatoli Tarasov, ɗaga ƙarfe da tsalle-tsalle a busasshiyar ƙasa. Da ƙyar Kanada ta ƙwaci kanta a wasa na takwas a Mosko da cin da ɗan wasanta Paul Henderson ya yi. Tun daga nan tunani ya fara canjawa

Abban Sadiq: To Malam wannan tarihi ne. Kuma ai ƙanƙarar tana taimakonsu, sulu suke yi, ba kamar mai taka ciyawa ba

Yaya Musa: Sulun nan shi ke cin matsematsi da ƙugu, don gefe ake tura ƙafa ba gaba ba, shi ya sa farkon bazara yawancinsu a jim suke suna gina cinya da baya, sai wajen Agusta su dage da hawa ƙanƙara, Satumba a shiga kamp koci ya yi ta zubar da mutane har ya rage saura ƴan wasa 23. Matasan da za a ɗauka a NHL ma a birnin Buffalo na Amurka ake gwada su kan keken motsa jiki, sakan 30 kacal iya ƙarfi, wasu suna sauka sai amai

Abban Sadiq: Na yarda da ƙarfin cinya Yaya, huhu ne ban yarda ba. Ɗan tsakiya a bol yana cin kilomita 10 ko fiye kuma ba mai canjinsa duk bayan sakan 45

Maman Iman: nan kam ina bayan Abban Sadiq

Yaya Musa: Allah ya kawo ka Winnipeg ƙanina, takalmin yarona na nan, zagaye uku kawai za ka yi mu dawo kan maganar huhun