Mu raba jinyar Mama asibiti biyu ko mu tattara wuri guda?

Autar Mama: Salamu alaikum. Mahaifiyata ce ke fama da sankarar mama. An yi mata tiyata, ta sha kimo (maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji) zagaye 3 cikin 6, daga nan sai gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, kuma asibitinmu ba na'urar. Inda aka tura mu suna da ita, likitocinsu ma zama suke yi duk mako kan kowane majinyaci: na tiyata, na kimo, na gashi, mai karanta hoto da mai duba tsoka. Sai dai kwamfutarsu ba ta ganin komai na asibitin farko. Mu ƙarasa kimon inda muka fara, ko mu kwashe gaba ɗaya?

Baban Biyu: Allah ya ba ta lafiya. Ku nemi asibitin da ke da na'urar gashi.

Autar Mama: Amin Baba. Ai can aka tura mu, kimon nake tambaya.

Uwar Marayu: 'Yata, ki ji nawa. Da muka sauya wa marigayi maigidana asibiti, takarda ɗaya aka ba mu, layi huɗu. Sabon likita ya ce wane magani ya sha, nawa ne adadinsa? Na ce jan nan. Ashe jan nan, doxorubicin, yana da iyakar da mutum ba ya wucewa a duk rayuwarsa saboda yana taɓa zuciya, likita ba zai ƙara ba sai ya san lissafin baya. Aka rubuta wasiƙa, shiru. Na koma da ƙafata, aka ce fayil yana wani ofis, mai makulli ya tafi hutu. Tsokar da aka yanka tun farko ma aka ce ba a ganta ba, sai da aka sake yankarsa. Mako biyar bawan Allah yana kwance ba magani, ni ce ɗan aike tsakanin likitoci biyu da ba su taɓa gaisawa ba. Har yau in na ga jakar takardun nan sai na kau da kai.

Ɗan Kwamfuta: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Abin haushin, hanyar tana nan. Hotunan CT da MRI suna da tsari guda, DICOM, bayanan majinyaci kuma akwai FHIR, har da mCODE da aka yi don ciwon daji kaɗai. Amurka ta yi doka a 2016 da ta hana toshe bayanan majinyaci. Auta, ki karɓi hotunan a faifai, ba wanda aka ɗauka da waya ba.

Baban Biyu: Kyauta ma ake ba da faifan.

Uwar Marayu: Kyauta a ina? Ni shafi-shafi aka caje ni, faifai daban.

Ɗan Kwamfuta: A Tarayyar Turai kwafin farko kyauta ne bisa dokarsu ta kare bayanan mutum da ta fara aiki a 2018, wani wurin kuwa sai yadda ka tarar.

Nas Mai Ritaya: Ɗana, ka taɓa kwana da majinyaci? Haruffan nan naka ba su za su saka mata ruwa ba. Auta, kada ki motsa sai sabon wurin ya ba ki ranar zagaye na 4 a rubuce. Ki karɓi rahoton tiyata, sakamakon tsoka mai nuna ER, PR da HER2 (alamomin da ke nuna irin maganin da zai dace da ciwon), sunan kowane magani da adadinsa da ranarsa. Ki kuma tambayi nas ɗin da ke haɗa kan jinyar can.

Ɗan Kwamfuta: Anti, ai abin da kika lissafa shi ne mCODE ɗin.

Nas Mai Ritaya: To mu da biro muke yinsa tun ba a haife ka ba.

Sarkin Zolaya: Kwamfutocin gaba suke yi da juna, a kira su a yi musu sulhu.

Baban Biyu: Ni abin da ke ci mini rai gwajin jini. An ɗiba ranar Litinin, Laraba wani likitan a asibiti ɗaya ya ce a sake, wai bai gani ba.

Uwar Marayu: Ga lambar wayar da suke bayarwa wai in zazzaɓi ya taso da dare. Wa ya taɓa kira aka ɗauka?

Autar Mama: Anti Nas, in sun ƙi ba da tsokar fa?

Sarkin Zolaya: Ni an taɓa ɗauka. Mai gadi ne.