Rabon Alƙalai a Gasar Makarantun Sakandare: Idan Alƙali na da Alaƙa da Makarantar da ke Wasa

Sakataren wata ƙungiyar alƙalan sa-kai, Kano:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa alƙalan wasa. Ni ke riƙe da sakatariyar ƙungiyar masu busa wasannin makarantun sakandare a shiyyarmu, kuma aikin sa-kai muke yi, babu albashi sai ɗan kuɗin mota idan masu shirya gasa sun samu. Abin da ya kawo ni gabanku shi ne rabon alƙalai. Galibin mambobinmu malaman makaranta ne, musamman masu koyar da darasin motsa jiki, sauran kuma tsofaffin 'yan ƙwallo ne da ɗaliban kwalejin ilimi. Saboda haka da wuya a haɗa makarantu biyu a fili ba a sami wani a cikinmu mai alaƙa da ɗayarsu ba, ko dai yana koyarwa a can, ko can ya gama, ko kuma ɗansa na cikin 'yan wasa.

A wasannin rukuni ba a cika tayar da maganar ba, amma da zarar an shiga sili-ɗaya-ƙwale sai kowa ya fara tonon asalin alƙali. A gasar zangon da ya wuce, wasan kusa da na ƙarshe ya tashi baram-baram bayan an ba da fenareti dab da tashi. Duk wanda ya tsaya ta gefen da abin ya faru ya san an yi ƙeta, kuma doka ta 5 cikin dokokin ƙwallon ƙafa 17 ta ce hukuncin alƙali kan abin da ya faru a fili shi ne na ƙarshe. Amma takardar ƙorafin da ta iso washegari ba ta ce uffan kan ƙetar ba. Abin da ta kawo kawai shi ne alƙalin ya taɓa koyarwa a makarantar da ta yi nasara, kuma hakan gaskiya ne. Yanzu wasu mambobinmu na cewa a koma jefa ƙuri'a, wanda sa'a ta faɗa wa shi zai busa wasan. Ina roƙon duk wanda ya taɓa tafiyar da irin wannan ƙungiya ya faɗa mana yadda suka yi.

Tsohon alƙali mai ritaya, Zariya:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Mun daɗe muna fama da wannan kafin mu sami mafita, kuma mafitar tamu littafi ce mai bango mai kauri. Kowane mamba yana da shafinsa. A watan Satumba, idan an koma makaranta, kowa zai zo ya rubuta da hannunsa makarantar da yake koyarwa, da waɗanda ya taɓa koyarwa, da wadda ya gama, da inda 'ya'yansa ko ƙannensa ko 'ya'yan 'yan'uwansa ke karatu, sannan ya sa hannu. Mun ƙara da surukai bayan wani abu da ya same mu: wani mambanmu ya busa wasa, aka tashi lafiya, sai daga baya aka gano mai tsaron ragar ɗaya makarantar ƙanin matarsa ne. Babu wanda ya iya nuna hukunci ko ɗaya da ya karkata, duk da haka muka dakatar da shi zango guda, saboda ya sani kuma ya yi shiru. Ya ji zafin abin ƙwarai, ni ma da na karanta masa hukuncin na ji, domin alƙali ne mai kyau.

Ba dukan alaƙa muka ɗauka ɗaya ba. Makarantar da mutum ke karɓar albashi ko ɗansa ke buga mata wasa, ba zai busa mata ba ko a wasan sada zumunta, ba kuma zai ɗaga tuta ba. Makarantar da ya gama tun da daɗewa kuwa, muna barinsa a wasannin rukuni, idan an kai sili-ɗaya-ƙwale sai a janye shi. Idan aka ce a hana kowa makarantar da ya gama ɗungurungum, to a gari kamar namu, inda manyan makarantu ƙalilan suka yaye kusan kowa, babu wanda zai rage da usur a hannu.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi littafin muhimmanci, shi ne wanda ke yin rabon. Mun cire shi daga hannun shugaba da sakatare, muka ba kwamitin mutum uku waɗanda ba sa busa wasa a wannan gasar, galibi irinmu da gwiwa ta hana gudu. Muddin mai rabo yana cikin masu neman wasan ƙarshe, zargi ba zai ƙare ba ko da mutumin kirki ne. Sai dai ka shirya wa asarar da ke cikin wannan tsari, Malam: akwai shekarar da alƙalinmu mafi ƙwarewa ya kalli wasan ƙarshe daga benci saboda makarantarsa ce ta kai, aka ba wanda bai kai shi ba, kuma an ga bambanci a fili.

Ma'ajin wata ƙungiya, Katsina:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, littafin nan mu ma muna da irinsa. Mu abin da muka ƙara shi ne musayar alƙalai da shiyyar da ke maƙwabtaka da mu: daga wasan kusa da na ƙarshe, su ke zuwa su busa mana, mu kuma mu je mu busa musu. Tsarin ya tafi daidai har zuwa 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur. Kuɗin mota ya yi tashin da kuɗin wata-wata da mambobi ke biya ya kasa ɗaukar alƙali da lasman biyu, wato mataimakansa masu ɗaga tuta, zuwa da dawowa, sai makarantun da ke karɓar baƙuncin wasa suka fara cewa su za su biya.

A nan nake so Malam Sakatare ya yi hattara. Ranar da na ga malamin wasanni na makarantar gida yana miƙa wa alƙali ambulan a bayan ajin da suke canza kaya, kocin baƙi kuma yana tsaye yana kallo, na san mun ɓata abin da muka je gyarawa, ko da yake kuɗin mota ne zalla a ciki. Muka zauna da shugabannin makarantu, muka amince kowace makaranta ta biya kuɗin alƙalanci iri ɗaya tare da kuɗin rajistar gasa, a saka a asusun ƙungiya, ni kuma in tura wa alƙalai ta waya kafin su taso. A fili ba a karɓar komai sai ruwan sha. Wasu makarantun gwamnati suna jinkirin biya, kuma idan asusu ya yi ƙasa mukan taƙaita musayar ga wasan ƙarshe kaɗai.

Malama mai alƙalancin wasannin 'yan mata, Kaduna:

Ina gaishe ku, malamai. Abin da kuke faɗa ya fi sauƙi a ɓangaren maza, domin kuna da yawan da za a janye wani a sa wani. Mu mata masu busa wasa ba mu taka kara mun karya ba, kusan dukanmu muna koyarwa a makarantun 'yan matan da ke cikin gasar, kuma iyaye da yawa ba sa barin 'ya'yansu su fito fili sai sun ji cewa mata ne za su kula da wasan. Idan na bi ƙa'idar Baba sau da ƙafa, to a ƙwallon kwando babu wadda za ta rage lokacin da ake share fagen gasar Milo, wato gasar ƙwallon kwando ta makarantun sakandare.

Da farko mun ɗauka cewa mayar da mai alaƙa kan teburin masu rubuta maki da riƙe agogo zai wadatar, sai muka ga teburin ma wurin rigima ne, domin a wasan da ake yin zubi huɗu na minti 10 kowanne, mai riƙe agogo na iya sauya sakamako da daƙiƙa biyu. Abin da muke yi yanzu shi ne, kafin a fara, ana karanta wa malaman wasanni na ɓangarorin biyu alaƙar kowace alƙaliya, su sa hannu a bayan takardar wasa cewa sun ji kuma sun yarda. Wanda ya ƙi, sai a ɗage wasan a nemo wata. Ƙorafi bayan wasa ya ragu sosai, tun da ba a ɓoye wa kowa komai ba. Muna kuma horar da 'yan mata masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda suka zo daga wasu jihohi ba su da kowa a nan, sai dai shekara ɗaya suke yi, daidai lokacin da hannunsu ya faɗa sai su tafi.

Mamba mazaunin Ohio, Amurka:

'Yan'uwa, ina busa ƙwallon ƙafa na makarantun sakandare a nan, kuma ina cikin masu taimaka wa ƙungiyar alƙalan yankinmu. Ana biyan alƙali kuɗin kowane wasa, amma ƙungiyar kanta mambobi ne ke tafiyar da ita. Lasisi daga hukumar wasannin makarantu ta jiha yake fitowa, wato OHSAA da ke Columbus, dokokin wasa kuma na NFHS ne, wato tarayyar hukumomin wasannin makarantun sakandare na jihohin Amurka, mai hedikwata a Indianapolis, kuma sun ɗan bambanta da na FIFA: minti 40 ake yi a kowane zubi, kuma an yarda alƙalai biyu masu usur su riƙe wasa ba tare da lasman ba.

Littafin Baba yana nan, sai dai a kwamfuta yake. A manhajar Arbiter, wadda masu rabo da yawa ke amfani da ita, kowane alƙali yana toshe ranakun da ba shi da sarari da makarantun da bai kamata a tura shi ba, kuma da zarar ya toshe, sunansa ba zai fito wa mai rabo a wannan wasan ba. Abin da na gani da idona shi ne ƙarancin mutane ke lanƙwasa ƙa'ida. A 2022 NFHS ta ce kimanin alƙalai 50,000 sun bar aikin tun daga kakar 2018 zuwa 2019, kuma zagi da cin mutuncin da iyaye da 'yan kallo ke yi na cikin manyan dalilai. Idan mai rabo ya rasa mutum ana saura awa biyu a take wasa, wanda ke kusa yake kira, wanda ke kusa kuwa sau da yawa shi ne mai alaƙa. Don haka nake ganin duk ƙungiyar da ke son riƙe wannan ƙa'ida sai ta dage da ɗaukar sababbin alƙalai, ta kuma tsaya musu ranar da aka zage su. Abu ɗaya da ba zan ba ku shawarar kwaikwaya ba shi ne yadda a nan masu horarwa ke ba alƙalai maki, makin kuma ya shiga cikin zaɓen waɗanda za su busa gasar ƙarshen kaka. A gida, inda koci da alƙali ke haɗuwa a masallaci da wurin ɗaurin aure, wannan zai sa wasu su riƙa busa don neman yardar koci.

Matashin alƙali, Kano:

Ina neman afuwar manya, zan yi magana kan ƙuri'a, domin an gwada ta a wata gasa da na yi lasman. Ƙuri'a ba ta san wanda ke iya gudu a zafin Afrilu ba, ba ta kuma san wanda ya karanta sababbin dokoki ba. Tun daga Yulin 2025, mai tsaron raga da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8 bugun kusurwa ake ba abokan karawarsa, kuma alƙali yana ɗaga hannu ya ƙirga daƙiƙa biyar na ƙarshe. Wanda ƙuri'a ta faɗa wa a wannan rana tsohuwar doka ya yi amfani da ita, alhali ranar da ta gabata a wannan filin an ba da bugun kusurwa, kuma yara sun fi mu bin waɗannan abubuwa a talabijin. Idan dole sai an yi ƙuri'a, to a yi ta tsakanin mutum uku ko huɗu da kwamiti ya riga ya tantance.

Sannan ina roƙon a duba lokacin da ake fitar da sunaye. An taɓa sanar da sunana kwanaki kafin wani wasa, sai ga abokin mahaifina ya zo gida bayan magariba, ya zauna a zaure suka gaisa da mahaifin nawa, da zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce yaransu na hannuna ranar Laraba. Bai ba ni komai ba, bai kuma roƙi komai a fili ba, amma na shiga wasan nan da nauyi a zuciya, ina tsoron duk hukuncin da zai amfane su.

Tsohon alƙali mai ritaya, Zariya:

Ɗana, maganarka ta ƙuri'a na yarda da ita. Ta lokaci kuwa da sauran duba, domin idan aka ɓoye suna har safiyar wasa, makarantar da ke da ƙorafi na gaskiya ba ta da damar kawo shi, kuma malami yana buƙatar neman izinin shugaban makarantarsa kafin ya bar aji. Mu muna gaya wa alƙali tun da wuri cewa yana da wasa ranar kaza don ya nemi izini, amma ba a faɗa masa wane wasa ba sai da yammacin jajibiri, a lokacin ne kuma makarantun biyu ke ji. Duk wanda aka ziyarta ko aka kira, wajibi ne ya sanar da kwamiti a daren, kuma ba laifinsa ba ne idan aka canza shi.

Sakataren wata ƙungiyar alƙalan sa-kai, Kano:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan gabatar da littafin da kwamitin mutum uku a taronmu na ranar Asabar, tare da sa hannun da Malama ta bayyana don wasannin 'yan mata. Inda nake hango turjiya shi ne maganar kuɗi, domin wasu mambobinmu sun saba karɓa a fili kuma suna tsoron jinkirin asusu. Malam Ma'aji, idan da hali ka rubuto mana yadda kuka tsara yarjejeniyarku da shugabannin makarantu, musamman abin da kuke yi da makarantar da ta kai wasan kusa da na ƙarshe ba ta biya ba.